Goshina Ya Koma Ƙasa

Shekara biyu ina salla bisa kujerar roba,
sahun baya, jikin bango, a masallacinmu na Bilbis.
Liman ya yi sujada, jama'a su bi,
ni in sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi.
Goshina ya mance sanyin tabarma.

Ni mai auna albasar Galmi buhu-buhu
ban taɓa hawa ma'auni ba
sai ran da likita Habsu ta ce, hau, Alhaji.
Allura ta ruga, ta tsaya a ɗari da sha takwas.
Tana zancen tansiyo da sukari,
ni kuwa makarata nake gani:
mutum huɗu suna sauya kafaɗa tun kafin kwana,
Nomau da ciwon bayansa a gaba.

Jikin nan aro ne.
Lafiyayyen jaki aka ba ni,
na labta masa kilishi, na labta masa fura,
da shayin Agali kofi uku,
har ya gurfana.
Da wane ido zan mayar wa Mai shi?

Sai na shiga fita bayan asuba
zuwa bakin tabkin Babaye.
Ranar farko itace bakwai na wuce, na zauna ina haki.
Ɗan kabu-kabu ya ja birki: Alhaji, hau kyauta.
Na ce je ka, yaro, bashi nake biya.

Carbi ya sauka ƙafa.
Dama, subhanallahi,
hagu, alhamdu lillahi,
zufa na bin gemu kamar sauran alwala.

Ba kullum nake cin nasara ba.
Hayaƙin balangu ya kayar da ni Lahadi biyu.
Zali ta tsinci takarda mai maiƙo a aljihuna,
ba ta ce uffan ba,
sai ta rage gishirin miya.

Wata bakwai.
Abin da ma'auni ya ce ban riƙe ba.
Na dai riƙe daren Laraba, lisha,
da na ture kujera da ƙafa.
Gwiwa ta yi kukan tsohuwar ƙofa,
na tafi, na tafi,
har goshina ya sami ƙasa.
Ƙasa ta gane ni.
Liman ya ɗago, ni ban ɗago ba.

Kujerar tana nan jikin bango,
Nomau ke zama kanta yanzu.
Gobe da asuba zan buga masa ƙofa.