Ƙusa a Takalmin Kofur

A bakin kasuwar bariki, nan Asokoro,
ƙarƙashin lemar da rana ta cinye launinta,
shekara goma sha ɗaya ina ɗinke takalman soja.

Makon nan aiki ya yi mini yawa.
Ƙafa goma sha bakwai a gabana, baki buɗe,
kowa na cewa: kafin Alhamis, Baba.
Ban tambayi abin da ke Alhamis ba.
Rediyon mai shayi ya riga ya faɗa:
wa'adi, iyaka, shirin ko-ta-kwana.

Kofur Istifanus ya ajiye nasa, dunduniya ta ɓalle.
Ina bin sa ɗari biyar tun Kirsimeti.
Bai san garinmu na bayan shingen da aka rufe ba,
bai san ƙanena Harisu na can cikin wani kakin
yana zare wa kudu ido ba.
Saƙon da na aika wa Inna ya maƙale a hanya
tare da motocin albasa masu ruɓewa.

Na ɗauki ƙusa.
Zuciya ta ce: bar tsininta a ciki,
mai ɗingishi ba ya isa gonar geronku.
Na daɗe da ita tsakanin haƙora.

Sai na tuna yadda yake rusunawa in zai gaishe ni.
Na kwantar da ita da guduma, sau uku,
na bi da yatsa. Sumul.

Allah sa takalmin nan ya tsufa a filin fareti,
ya dawo mini da jar ƙasar Abuja kaɗai
a ƙarƙashinsa.