Layin Gawayi

Da gawayi nake ƙirga
a bangon zaure, can ƙasa inda baƙo ba ya duba:
layi ɗaya, rana ɗaya da Haliru bai zaga ba.
Makon jiya biyar suka jeru
kamar masu jiran mota a Kwannawa.

Shekararsa shida.
Ciki kamar tulu, ka ƙwanƙwasa ya amsa.
A kawo tuwo ya kau da kai.
Yaran Mabera na bin ƙwallo,
shi yana raɓe da katanga, ƙafa harɗe da ƙafa,
yana riƙe abin da ya riƙe shi.

Ranar da ya dawo da wando a ɓace
'yan ajinsu suka laƙa masa suna. Ba zan faɗa ba.
Ni ma na ɗaga hannu.
Na ce ƙiwa ce, na ce ƙazanta.
Allah Ya yafe mini wannan la'asar.

Muka jiƙa filasko. Ya kwana yana murɗawa,
kwana uku muka koma gidan jiya.

Likita ta juya katinmu, ta zana hanji:
"Nan ya daskare. Ruwa-ruwan ke bin gefe ya zubo,
yaron bai ma ji fitarsa ba.
Ya taɓa shan zafi, shi ne yake tsoron masai."
Na dubi tafin hannuna.

Ni baduku ne.
Na san busasshiyar fata:
ka lanƙwasa ta da ƙarfi, ta tsage.
Ruwa take so, da mai, da jira.
Yaya na san wannan ga fatar akuya,
ban san shi ga ɗana ba?

Yanzu magani a kofi kowace safiya,
watanni, in ji ta, ko an ga sauƙi kar a daina.
Gorar ruwa a jakar makaranta.
Kwaɗon zogale, wake,
kankana in ta sauka daga fadama.
Burodi ya zama baƙo.
Bayan kalaci ya hau fo, bulo ƙarƙashin sawu,
ni ina bakin ƙofa da zare da basilla,
muna hirar tantabaru.
Ba tsawa. Ba "yi sauri".

Ba kullum ake dacewa ba. Jiya shiru.
Amma ran Talata ya fito, buta a hannu:
"Baba, goge layin."
Na goge da hannun riga.

Ɗazu na hango shi yana tsaron gida,
ƙwallo ta zure ta tsakanin ƙafafunsa,
yara suka sa ihu.
Ni kaɗai na yi murna:
ƙafafun a buɗe suke.