Tatsuniya da Rana

Kaka Tasalla ta gargaɗe ni a Tawa:
"Mai tatsuniya da rana, hanyar gida kan ɓace masa."
Amma ta ba ni ta tabkin
da ya yi fushi ya ƙaura cikin dare
don an wanke tukunyar miya a bakinsa.

Ga ni gaban allo, hantsi ya dubi ludayi,
alli a yatsuna.
"Ga ta nan, ga ta nanku."
Bakuna sittin suka amsa.

Sahabi na bencin baya ya ɗaga hannu:
"Malam, ina ya koma?"
Littafin lakwal bai faɗa ba,
Kaka kuwa ta rasu bara.

Na ce su tambayo a gida.
Ran Litinin suka zo mini da tabki tara,
kowanne da inda ya sauka.