Gyara

An gama awo, mudu ya cika,
Kachollom ta rufe littafi ta miƙe,
amma tafi ya ƙi mutuwa a zauren Rayfield.
Mutanen Jos ba sa barin kasuwa babu gyara.

Ta dawo ta zauna.
Ni ina bayan labule, maɗaurin tsirkiya a aljihu.
Kwana uku na yi ina lallashin fiyanon nan
da Turawan kuza suka bari, yadda suka bar mana ramuka.
Haƙori tamanin da takwas gare shi.
Ɗaya, can ƙuryar dama, gudumarsa ta karye,
na kuwa gaya mata tun da hantsi.
Ta ce, “Na ji, Baba Maikano.”

Wai wani dogon wasa ne na ƙasar wasu:
mawaƙa arba’in, masu goge, masu busa,
da mace guda mai jiran wasiƙar da ta makara.
Wani mai haɗama ya tattara su kaf
ya ɗura a yatsu goma,
kamar mai danna buhun acca cikin ƙwarya.

Hannun hagu ya zama taron maza, yana ruri.
Na dama ya watse kamar ƙanƙarar farkon damina a kan kwano.
Babban yatsa kuwa, shi kaɗai a tsakiya,
ya ɗauko waƙar a ka
kamar ɗan dako yana ratsa motocin Taminus,
bai zubar da ko ƙwaya ba.

Sai matar wasan ta fara hawa.
Na san tsanin, na san inda matakinsa ya ruɓe.
Saura uku. Saura biyu.
Gumi ya karyo mini cikin sanyin nan.

Ta danna.
Ƙwas! Katako kawai.

Ba ta ɗaga yatsan ba.
Ta bar shi a kan giɓin, ta runtse ido,
har kowa a zauren ya ji sautin da babu,
kowa da muryar wanda ya binne.

A bakin ƙofa wani likita ya riƙe hannuna:
“Wurin shirun nan, wa ya tsara shi haka?”
Na ce masa hanya ta yi duhu, ya kula da ramuka.

Jibi sabuwar guduma za ta iso daga Legas.
Na biya kuɗinta tun watan jiya.
Ban san ko zan kwance ƙunshin ba.