Bangon da Ba a Yaɓe Ba

Ni magini ne, Tankari sunana,
a Bukoki nake kwana, a Katako nake sayen ƙusa.
Shekara talatin ina toshe tsaga.
Inda wuta ta lasa in bi da siminti,
mai gida ya manta, ni in karɓi kuɗina.

Sai Fasto Lompo ya kira ni majami'arsu.
Rufinta ya rufta tun ranar nan
da hayaƙi ya tsaya bisa Yamai kamar hadarin da ba ruwa.
Ya ce, tayar mana da gabas, da kudu, da arewa,
na yamma kuwa kada cokalinka ya taɓa shi.

Na ce, Fasto, baƙi ne ƙirin,
ƙarfen tagarsa ya murɗe kamar ƙahon rago.
Buhu shida sun isa.
Ya ce, ba tsada muke gudu ba.

Wata huɗu ina aiki.
Da azahar in shimfiɗa takardar siminti a inuwarsa,
don filin ba shi da wata inuwa.
In dubi alƙibla, shi yana bayana,
ina jin sa a ƙeya kamar idon mai bin bashi.

Madam Akosuwa takan zo ta share gindinsa.
Ta nuna mani wani farin layi cikin baƙin:
nan bencin yara ya jingina.
Ta ce, Allah ya sa ba Lahadi ba ce.

Ga abin da ban gaya wa Fasto ba.
Ran nan ƙanena Mu'azu ya shigo da la'asar,
riga na warin fetur, kujerun roba biyu a ka.
Ban tambaya ba. Inna ma ba ta tambaya ba.
Har gobe baƙi na zama kansu su sha shayi.

Da damina ta soma wanke tokar
Fasto ya sake kirana, in kafa wa bangon rumfar kwano.
Ban taɓa yi wa ɓarna laima ba sai ran nan.

Jiya Mu'azu ya sauke ni a ƙofar da babur ɗinsa.
Bai kashe inji ba.
Ya ce, Yaya, aikinka bai ƙare ba, ka bar gefe guda.
Na ce, haka masu wurin suka so.
Ya sunkuya yana duba tayar gaba,
ita kuwa lafiyarta lau.