Yashin Fage

Kwana goma aka ɗauke ni aiki,
jikka biyu a wuni, da riga mai hoton takobi.
In an yi kaye, ni ke shiga da manjagara
in shafe inda gwiwar ƙato ta taɓa ƙasa.

Yashin nan na san shi.
Tun da na duƙa na damƙa a ranar farko
na gane shi, kamar tarin ɗan gidanku a cikin duhu.
Daga koramar bayan garkar Nomau aka kwaso,
kamiyo arba'in da ɗaya.
Nomau ne ya ƙirga, tsaye cikin albasarsa,
butar ban ruwa na ɗiga a kan ƙafarsa,
ba wanda ya ce masa ko sannu.

Kada in ci amanar gaskiya: Tawa ta yi kyau.
Gudron ya zo baƙi wuluk har ƙofar fili,
nan ya tsaya cak, kamar jakin da ya ga rijiya.
Fitilu sun hana jemagu sanin dare.
Habsu mai kwabto ta sayar da kwano ɗari kafin la'asar,
ta biya bashin da ya girmi autarta.
Arzika ya kwashe iyalinsa zuwa zaure
ya ba baƙin Damagaram ɗakunansa uku.
Rumfar Tsahara kuwa aka ɗage,
wai buhunan da ta yi inuwa da su
za su ɓata wa talabijin ido.

A unguwarmu famfo ya koyi tari.
Ruwa ya bi manya zuwa masauki,
mu muka bi 'yan garuwa da roƙo.

Ranar da ɗanmu ya ɗaga na Maraɗi sama,
wallahi na manta da duk wannan.
Na jefar da manjagara, na rungumi wani soja,
na yi ihu har muryata ta tafi kwana biyu.
Wa zai ce mini wannan daɗin ƙarya ne?

Sai aka miƙa takobi, aka naɗe tutoci.
Motoci suka juya hanci gabas da yamma.
Muka wayi gari da ledar ruwa
ta yi furanni a kan kowace ƙaya,
akuyar Arzika ta ci ta ƙoshi, ta kumbura,
aka yanka ba a samu mai sayen nama ba.

Itatuwa sittin da aka dasa don baƙi su gani,
kowanne da farin dutse a gindinsa,
yau uku ke da ganye.
Su ma autar Habsu ce ke ba su ruwan wanke-wanke,
ta raɗa musu sunayen 'yan kokowa.

Da damina ta sauka, korama ta zo neman yashinta.
Ba ta tarar ba, ta ɗauki na kusa:
kunya huɗu na garkar Nomau,
da mangwaron da ubansa ya shuka,
da rabin bakin rijiya.

Filin yana nan, da kwaɗo ƙato a ƙofa.
Ta kafar ƙyaure ina hango yashin kwance,
ba sawun kowa sai na kurciya.
Jiya na haura katanga da bokiti,
na cika shi, na ɗauka a ka har garka.

Nomau ya dube ni, ya dubi bokitin,
ya yi dariya har ya dafa gwiwa.
Ya ce, zuba can inda ta fi ci.
Na zuba.
Ya ce, to, saura kamiyo arba'in da ɗaya
ba bokiti guda.