Sifili Talatin da Biyu

A Jidda, bayan la'asar, a lungunmu na Sabil,
inda hayaƙin tsirena ke kokawa da iskar teku,
jikana Tanimu ya miƙo mini sabuwar waya,
ya ce, "Kaka, latsa nan."

Na latsa.
Sai ta tsaya kamar baƙo a bakin zaure,
ta yi mini sallama da rubutu:
Ka yarda a bi sawunka?

Na ajiye wuƙa. Na goge ƙuli a gefen riga.
Shekara arba'in da ɗaya ina garin nan,
ba wanda ya taɓa neman izinina kafin ya bi ni.
Wanda ya kora ni da tire a ka har Bab Makka bai tambaya ba.
Mai gidan haya bai tambaya ba.
Bashi bai tambaya ba, tsufa ma haka,
sai yau gilashi mai faɗin tafin hannu
ya fi su duka ladabi.

Tanimu ya ce, "Wata lamba ce a cikinta,
ba sunanka ba, ba ta iƙama ba,
haruffa da alƙaluma a jere kamar tururuwa.
'Yan talla ke roƙonta.
In ka ba su, za su gane
wanda ya nemi maganin gwiwa da tsakar dare
shi ne ya duba kuɗin jirgin Kano da asuba."

Na yi shiru.
Wa ya gaya wa yaron nan zancen jirgi?

Ubana makiyayi ne, ya iya karatun ƙasa.
Ya kan duƙa a kan sawu ya ce,
wannan saniya na da ciki, wanda ya ja ta gurgu ne,
kuma bai ci abinci ba.
Amma shi abin da ya ɓata yake nema.
Waɗannan fa, me na ɓatar musu?
Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka, Allah ya sani, yatsana ya yi nauyi.
Tun da Ladidi ta kwanta dama
ba mai lura ina ɗingishi,
ba mai sanin na farka ƙarfe uku
ina lissafin riyal nawa ke tsakanina da Ƙofar Mata.
Ko dillali ne, in ya san ciwonka,
wani lokaci ka kan so ka ba shi kujera.

"In na ƙi fa?"

"Sai lambar ta koma sifili,
guda talatin da biyu, ba komai a ciki."

Talatin da biyu.
Na laluba aljihu na taɓa carbina.
Saura ɗaya ke nan su cika tasbihi.
To, ni ne cikon,
ni da gwiwata da asubata,
ba zan shiga zaren kowa ba.

Na latsa a'a.
Yatsan ya bar tambarin mai a gilashi,
sawun da na yarda na bari ke nan.

Tallar ba ta daina zuwa ba, makancewa ta yi.
Jiya ta kawo mini jan baki,
yau keken jarirai da gida a bakin ruwa.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Rabon da a kasa gane ni haka, da daɗi,
tun ina saurayi a tashar kwale-kwale.

Ga wani Bayamane can yana ɗaga yatsu biyar.
Tanimu, juya naman nan kar ya ƙone.
Ladan ya fara gyaran murya,
shi kuwa wanda za mu je gabansa
ba ya bukatar lamba.